Yarjejeniyar ciniki da Turai: ina rabon Arewacin Kamaru?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yarjejeniyar cinikin da Kamaru ta ƙulla da Tarayyar Turai, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2009, aka kuma fara zaftare harajin duwan a ƙarƙashinta ranar 4 ga Agustan 2016. Sharaɗinta shi ne kayan Kamaru su shiga kasuwar Turai ba tare da haraji ba, ita kuma Kamaru ta janye nata harajin sannu a hankali daga kashi 80 cikin 100 na kayan da take sayowa daga can.

Dalilin sa hannun ba ɓoyayye ba ne. Rangwamen da ake yi mana a ƙarƙashin yarjejeniyar Kwatano, wadda Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, ya ƙare a ƙarshen 2007, kuma da yake ba a lissafa Kamaru cikin ƙasashe mafi talauci, ayabar da ake nomawa a manyan gonakin kudu za ta fara biyan haraji a Turai. Chadi ba ta da wannan fargaba, domin tun 2001 Turai ta buɗe ƙofarta ga dukkan kayan matalautan ƙasashe in ban da makamai. Cikin ƙasashe shida na CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, Kamaru kaɗai ta shiga. An ceci ayaba, kuma ban raina hakan ba, domin dubban iyalai na ci daga gare ta.

To amma mu a Garwa da Marwa auduga muke nomawa. Ɗanyar auduga dama ba ta biyan haraji a Turai, kuma yawancin wadda Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, ke fitarwa Asiya take nufa, musamman masaƙun Bangaladash. Ciwon manominmu shi ne tallafin da manyan ƙasashe ke ba nasu manoman, wanda ke karya farashi a kasuwar duniya. Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso sun kai kukan nan taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun a 2003, taron ya watse ba a cimma komai ba. Barazil kuwa, da ta kai ƙarar Amurka a kan wannan magana, ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta yarda ta biya ta dala miliyan 300 a rufe shari'ar. Doka ɗaya ce, amma mai lauyoyi da ƙarfin ramuwa shi ya ci moriyarta.

Gaskiya ne cewa taki da magunguna suna cikin kayan da aka fara cire wa haraji, kuma an ware nama da madara da fulawa da gwanjo ba a taɓa harajinsu ba. Sai dai a ganina ragin yakan tsaya a aljihun babban mai shigo da kaya a Duwala; kafin buhu ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, a sauke shi, a ɗora a tirela, kuɗin hanya ya cinye shi. Abin da baitulmali ya rasa a tashar jiragen ruwa kuma dole a neme shi a wani wuri, wurin nan kuwa sau da yawa rumfar ɗan kasuwa ce. Ga kuma Chadi, wadda harajin shigo da kayanta ɗaya ne da namu a dokar CEMAC: da me jami'in duwan a gadar Ngeli, kan iyakarmu da Chadi, zai bambanta kayan da suka shigo Duwala kyauta da waɗanda suka biya?

Kasuwar da ta fi shafarmu ita ce ta maƙwabta, inda albasarmu da shanunmu ke zuwa. An buɗe ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Janairun 2021, amma direban da ya ɗauko albasa daga Marwa har yanzu yana tsayawa a shinge bayan shinge, yana miƙa na goro, albasar kuma tana ruɓewa a cikin buhu saboda zafi.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na jihohin arewa uku da su nemi gwamnati ta riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara nawa aka rasa a haraji da kuma kamfanonin da suka amfana da rangwamen. Ku ma, Malam Edita, ku tura wakilinku ya bi motar albasa daga Marwa zuwa Duwala, ya ƙirga mana shingayen da abin da aka karɓa a kowanne.

Naku,
Wani mai karatu daga Garwa