Maganar igiyoyin girabiti: sama ma akwai ƙura

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe.

Na karanta bayanin da kuka kawo kan na'urorin da ake son kaiwa sama don su kamo igiyoyin girabiti, wato girgizar da sararin samaniya ke yi in manyan baƙaƙen ramuka, wato wuraren da ƙarfin jansu ya kai ko haske ba ya kuɓuta, suka yi karo, kuma wallahi na ji daɗi, don ba kullum jarida ke taɓo irin wannan ba. Amma inda kuka ce can sama babu abin da zai dami na'ura, nan ne nake da ja.

Akwai fa abin da ke damun ta. Ƙwayoyi ne masu gudun tsiya, yawanci furoton, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin ƙwayar zarra, suna zubowa daga cikin falaki dare da rana, wasu kuma daga Rana in ta yi tartsatsi, kuma masu ƙarfin cikinsu bangon kumbo ba ya tare su, ratsawa suke kamar ba komai.

Ku dubi LISA Pathfinder, kumbon gwajin irin waɗannan na'urori, da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba ranar 3 ga Disamba 2015 daga Kourou a Kudancin Amurka. Kilomita miliyan 1.5 daga duniya aka kai shi, a cikinsa akwai dunƙule biyu na zinariya da filatinam, kowanne wajen kilo 2, faɗinsa milimita 46, suna shawagi ba abin da ke taɓa su, ana auna tazarar da ke tsakaninsu da hasken lesa. To ƙwayoyin nan in suka ratsa dunƙulen sai su bar masa caji, kaɗan kaɗan yana taruwa, shi ke nan sai bangon akwatin da ke kewaye da shi ya fara jansa ko tura shi, motsin da ba a so ya shigo cikin awon.

Ni malamin kimiyya ne, kuma a hunturu nake nuna wa ɗalibaina wannan, yaro ya goga biro a gashin kansa ya kusanto da shi ga gutsuren takarda, sai ka ga takardar ta yi tsalle ta manne. Haka abin yake, sai dai su can motsin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ba suke nema.

Dabarar da suka yi ce ta fi burge ni. Tunda ba halin a sa wa dunƙulen waya a sauke cajin, sai suka riƙa haska shi da bangon akwatinsa da fitilar UV, wani haske da ido ba ya gani, hasken ya fizgo ilektiron, wato ƙwayoyin lantarki, daga jikin ƙarfen, cajin ya daidaita, ba tare da an taɓa shi ba.

A Janairun 2024 aka amince da babban aikin LISA, wanda zai kamo igiyoyin, kumbo uku, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kilomita miliyan 2.5, ana sa ran harbawa wajen 2035. Don Allah in za ku sake taɓo maganar ku haɗa da wannan ɓangaren, zan yanko shafin in kai wa yarana aji.

Naku,
wani malamin sakandare daga Zariya