A sama wa dattawan Kano wasan da za su motsa jiki

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ban taɓa gani a shafinku na wasanni ba, wato bols na kan ciyawa, da kuma gwaninsa David Bryant ɗan Ingila.

Wasan ba wuya, ana mirgina wata 'yar ƙaramar ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, sai kowa ya riƙa gangara tasa babbar ƙwallon, wanda tasa ta fi kusa da ƙaramar shi ke cin maki. Amma fa ƙwallon ba ta tafiya miƙe, an ƙera ta ta yadda dole sai ta karkata, in kana so ta tsaya a nan sai ka saita ta can gefe ta zagayo da kanta, to a nan gwaninta take. Ba gudu ba karo, sai ido da natsuwa da saitin hannu.

Marigayi Bryant tsohon malamin makaranta ne, an haife shi a 1931 a garin Clevedon. Ya ci zinare na 'yan ɗai-ɗai a gasar Kwamanwel ta ƙasashe renon Ingila a 1962 da 1970 da 1974 da 1978, kuma ta 1966 da aka yi a Jamaika ba a sa wasan ba sam, da wataƙila ita ma ya haɗa. A wannan shekarar ta 1966 ya tafi Ostireliya ya ɗauko kofin duniya na farko, ya sake a 1980, ya kuma sake a 1988 a Niuzilan yana da shekara 56. Shekara 56 fa Edita! A nan mutum na kai 35 mun ce ya tsufa ya rataye takalmi, daga nan sai zaman majalisa da shayi, sai hawan jini da ciwon suga su same shi a kan benci.

Abin da ke damuna ke nan wallahi. Dattawanmu da suka yi ritaya ba su da wani abin motsa jiki, likita ya ce baba ka riƙa tattaki, to ina zai taka a titin Kano da Adaidaita ke neman ture mutum? Dara muna da ita kuma tana wasa ƙwaƙwalwa, amma a zaune ake yin ta.

Kada a ce wasan Turawa ne kawai. Matan Indiya huɗu sun ci zinare a gasar Kwamanwel ta Birmingham a 2022, kuma 'yan Afirka ta Kudu suka doke a wasan ƙarshe. Siti Zalina Ahmad ta Malesiya, ƙasar Musulmi, ta ci zinare a wannan gasar a 2002 da 2006. Kenya ma na tura 'yan wasa.

Na san za a ce ciyawa da ruwa a zafin Kano sai a hankali, gaskiya ne, amma ana yin sa a kan kafet na roba har a cikin ɗaki, kuma filin bai fi mita 40 kowane gefe ba. Ina roƙon hukumar wasanni ta jiha ta duba ko za a samu ɗan lungu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko wani attajiri ya ɗauki nauyi, a ware wa mata nasu lokacin, a fara da 'yan fansho da safe kafin rana ta yi zafi.

Naku mai karatu,
daga unguwar Gwale, Kano.