Yadda ake gano ɗan'uwan da aka tsare a Amurka ta hanyar rajistar gidajen wakafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi wa 'yan'uwa bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da iyalai suke shiga a gida idan labari ya iso musu cewa an kama ɗansu a Amurka. Na yi shekaru ina zaune a ƙasar, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an tashe ni cikin dare a kan irin wannan magana. Bara wata yayata ta kira ni daga Katsina tana kuka, ta ce wani mutum ya bugo mata waya ya shaida mata cewa ɗanta yana hannun 'yan sanda, kuma idan ba a tura kuɗi kafin wayewar gari ba, za a wuce da shi inda ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Har an fara karo-karo a cikin dangi. Na tambaye ta garin da yaron yake zaune, na buɗe shafin intanet na hukumar da ke kula da gidan wakafi na yankin, kuma cikin rabin sa'a na ga sunansa, da laifin da ake tuhumarsa da shi, wanda bai wuce na tuƙi da lasin da aka dakatar ba, da kuɗin belinsa, wanda bai kai ko kusa da abin da mai wayar ya nema ba.

Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, a Amurka kamun mutum ba abin ɓoye ba ne a idon doka. Sunan wanda aka tsare, da ranar kamu, da tuhumar da ake yi masa, da inda aka ajiye shi, duk bayanai ne da jama'a suke da haƙƙin gani a mafi yawan jihohi. Wahalar kawai ita ce babu rajista ɗaya da ta haɗa ƙasar baki ɗaya, don haka sai mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kowace jiha a Amurka ta kasu zuwa gundumomi, waɗanda galibi suke kira kawunti, kuma sun haura 3,000 a faɗin ƙasar. A mafi yawansu akwai wani jami'i mai suna sherif, wanda jama'a suke zaɓa, kuma shi ne yake riƙe da gidan wakafi na gundumar. A nan ake ajiye wanda aka kama yana jiran shari'a, da wanda aka yanke wa ɗaurin da yawanci bai wuce shekara ɗaya ba. Gidan yari na jiha ko na tarayya daban yake, na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci mai tsawo ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin mutane da yawa suna ɓata kwanaki suna neman ɗan'uwansu a shafin gidajen yari na jiha, alhali wanda aka kama jiya ba zai bayyana a can ba. Wanda aka kama a Houston, a gundumar Harris za a neme shi. Na Chicago a gundumar Cook. Na Atlanta yawanci a gundumar Fulton. Na Columbus a gundumar Franklin. Na Greensboro, inda 'yan Nijar suke da yawa, a gundumar Guilford. Birnin New York ya fita daban, domin hukumar birnin ce take kula da masu jiran shari'a, galibinsu a tsibirin Rikers, kuma tana da nata shafin neman suna. Akwai kuma jihohi shida, Alaska da Connecticut da Delaware da Hawaii da Rhode Island da Vermont, inda gwamnatin jiha ce take riƙe da gidajen wakafi da na yari gaba ɗaya.

Da zarar an kai mutum gidan wakafi, sai a shigar da shi rajista: a rubuta sunansa da ranar haihuwarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a karɓi kayan da ke jikinsa a lissafa, a ba shi lamba. Wannan aiki yakan ɗauki sa'o'i, musamman a manyan birane, saboda haka rashin ganin suna a sa'ar farko ba ya nufin ba a tsare mutumin ba. Idan an kammala, yawancin manyan gundumomi suna saka bayanin a shafinsu na intanet kyauta. Ƙananan gundumomi da ba su da irin wannan shafi suna da lambar waya, kuma ma'aikacin da ya ɗauka zai faɗa maka ko mutumin yana wurinsu idan ka ba shi cikakken suna da ranar haihuwa. Ba ya tambayar ko kai wane ne a gare shi.

A nan ne nake so in ɗan tsaya, domin a kan suna ne namu suka fi yin tuntuɓe. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne ba. Yaron da aka sani da Sani a gida, mai yiwuwa a fasfonsa an rubuta Muhammad Sani a matsayin sunan farko, sannan sunan mahaifi ko na gari a matsayin sunan dangi, kuma da wannan sunan na ƙarshe ake bincike. Sau da yawa ma'aikaci yakan juya su, ya mai da na farko na ƙarshe, ko ya raba Abdullahi ko Abdulƙadir gida biyu, ko ya haɗe abin da yake rabe. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma rubutunsu na Faransanci ne, Usman ya zama Ousmane, Musa ya zama Moussa, Muhammadu ya zama Mahamadou. Saboda haka kafin a fara nema a samo hoton fasfo ko na lasin tuƙi na mutumin, a rubuta sunan yadda yake a jiki harafi da harafi, idan bai fito ba a juya shi, idan har yanzu bai fito ba a rubuta haruffa uku ko huɗu na farko kawai a bi jerin da ya fito. A kuma tuna cewa Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, ta yadda 03/08 a wurinsu takwas ga Maris ne. Wasu shafukan gundumomi ba sa buɗewa daga wajen ƙasar, don haka idan ya ƙi buɗewa a Kano ko Damagaram, a nemi wani amintacce da ke can ya duba.

Idan gunduma ba ta nuna komai ba, akwai wasu ƙofofin. Tsarin VINE, wanda aka fara a birnin Louisville na jihar Kentucky a 1994 domin sanar da waɗanda aka zalunta idan za a saki wanda ya zalunce su, yana aiki a mafi yawan jihohi, kuma kowa yana iya duba ko mutum yana tsare, har ma ya yi rajista a sanar da shi idan an sake shi ko an sauya masa wuri. Hukumar gidajen yari ta tarayya tana da shafin da ya ƙunshi fursunoninta tun daga 1982. Wanda kuma hukumar shige da fice ta ICE ta ɗauke, a shafinta ake nemansa, da lambarsa ta baƙi mai farawa da harafin A tare da ƙasar haihuwarsa, ko da cikakken suna da ƙasar haihuwa. Shafin ba ya nuna yaran da ba su kai shekara 18 ba.

Wani lokaci abin da ake bukata ya fi abin da shafi yake nunawa, misali takardar rahoton kamu ko rajistar wanda aka riga aka sallama, domin gundumomi da yawa suna cire suna daga jerin da zarar mutum ya fita. A nan sai an rubuta takardar neman bayani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ambaton dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda ake kira FOIA, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, ba ta ɗaure sherif na gunduma ba. Kowace jiha tana da tata dokar da nata wa'adin: a Georgia kwana uku na aiki ne hukuma take da su ta amsa, a New York da Illinois kwana biyar na aiki, a California kwana goma. Dokar California ta ma lissafa abubuwan da dole a bayyana game da wanda aka kama, har da lokacin kamu da wurin da aka yi shi, da kuɗin beli, da inda yake tsare. Takardar ba ta bukatar lauya. A rubuta sunan mutumin da ranar haihuwarsa da ranar da ake zaton an kama shi, a faɗi takardar da ake so ƙarara, a aika wa sashen adana bayanai na ofishin sherif ko na 'yan sandan da suka yi kamun, a shirya biyan ɗan kuɗin kwafi. Sai dai wasu jihohi, irin su Virginia da Tennessee, 'yan jihar kawai dokarsu ta ba wannan haƙƙi, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da hakan a 2013. Ba kuma komai ake bayarwa ba, domin bayanan yara ƙanana, da na binciken da bai kammala ba, da waɗanda kotu ta rufe, ana riƙe su.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne yadda ake karanta waɗannan bayanai bayan an same su. Rajistar gidan wakafi tana faɗin abin da ɗan sanda ya zargi mutum da shi ne a ranar kamu. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen wakafi na Amurka ba a yanke musu hukunci ba, kuma a 2019 kaɗai an shigar da mutane rajista sau fiye da miliyan 10. Mai gabatar da ƙara yana iya rage tuhumar ko ya janye ta, alƙali yana iya korar ƙarar. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1991 cewa wanda aka kama ba da waranti ba, dole alƙali ya duba dalilin tsare shi cikin sa'a 48. Wanda yake son sanin yadda aka ƙare, ofishin magatakardan kotun gundumar zai nufa da lambar ƙara, idan kuma shari'ar ta tarayya ce, akwai tsarin PACER, wato shafin intanet na takardun kotunan tarayya, inda ake biyan santi 10 a kan kowane shafi. Amma na sha ganin an ɗauko hoton kamu na ɗan wani an watsa a zaurukan WhatsApp na 'yan gari, kafin ma yaron ya ga alƙali, maganar ta isa gidan surukansa. Bayan wata biyu aka kori ƙarar, ba wanda ya watsa wannan. Doka ta buɗe rajistar ne domin kada hukuma ta tsare mutum a ɓoye, kuma ko tsohon shugaban ƙasa bai tsira daga gare ta ba, kamar yadda duniya ta ga hoton Donald Trump da ofishin sherif na gundumar Fulton ya fitar a watan Agusta na 2023, lokacin da ba ya kan mulki. Su kansu Amurkawa sun ga illar wuce gona da iri: a 2018 hukumomin California sun tuhumi mutum huɗu da ke da alaƙa da wani shafi mai wallafa hotunan kamu yana karɓar kuɗi kafin ya cire, a 2019 kuma jihar New York ta taƙaita sakin irin waɗannan hotuna. Mu da addininmu ya hore mu da rufa asirin ɗan'uwa da tantance labari kafin yaɗa shi, mu ya fi kamata mu kiyaye.

Akwai abubuwa biyu da iyali za su riƙe idan sun gano nasu. Wayar da tsararre yake bugowa daga ciki ana naɗar ta, kuma mai gabatar da ƙara yana iya saurara, ko da Hausa aka yi maganar, saboda haka a gaisa, a tambayi lafiya, a bar zancen abin da ya faru sai gaban lauya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma laifin na iya kai shi ga ɗauri, kotu za ta ba shi kyauta. Kuɗin beli kuwa a kotu ko a gidan wakafi ake biya a karɓi rasit, ko ta hannun kamfanin beli mai lasin, wanda yawanci yakan karɓi kashi 10 cikin 100 da ba a mayarwa. Jihar Illinois ma ta soke belin kuɗi tun watan Satumba na 2023. Duk wanda ya bugo waya yana neman a tura masa kuɗi cikin gaggawa ta katin sayayya da ake kira gift card ko asusun wani mutum, ba jami'in gwamnati ba ne.

Ya kamata kuma a san cewa yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da ya wajaba hukumomin Amurka su sanar da su ko tsararren bai nema ba, ɗan Nijar kuwa sai ya nema da bakinsa. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta, kuma iyali suna iya tuntuɓarsu da lambar rajistar da suka samo.

Roƙona ga ƙungiyoyin Hausawa da ke biranen Amurka shi ne kowace ta ware mutum ɗaya ko biyu da suka iya wannan bincike, a ba iyaye a gida lambarsu. Ga iyaye kuma, duk wanda yake da ɗa ko 'ya a can ya ajiye hoton fasfonsa, ya rubuta sunan jihar da gundumar da yake zaune da lambar abokinsa guda ɗaya, a sa a wurin da ake ajiye takardun gida. Yayata ta yi hakan bayan abin da ya faru, kuma kuɗin da aka tara a daren nan an mayar wa kowa da nasa.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Mai karatunku daga birnin Houston, Amurka.