Kafin A Sake Jera Wa 'Yan Makaranta Wasa Biyar A Mako Guda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu shirya gasar ƙwallo tsakanin ƙananan kwalejoji da sakandaren karkara a nan Jigawa. An saba a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya, a buga kullum har a gama cikin mako guda, wai don a rage kashe kuɗi. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma akwai inda aka taɓa kai ta maƙura.

A 1899, a jihar Tennessee ta Amurka, akwai wata ƙaramar jami'a a kan tsauni da ake kira Sewanee, ɗalibanta 300 da ɗoriya. Ƙwallonsu irin na Amurka ne, wanda ake runguma a ruga da shi ana ka da juna. A kakar nan sun buga wasa 12, sun ci duka, maki 322 gare su, 10 kacal aka ci su, kuma duk goman ƙungiyar makarantar Auburn ce ta ci a wasan da ya tashi 11 da 10. Abin da ya sa ake tunawa da su shi ne tafiyar da suka yi a jirgin ƙasa: mil 2,500, wato kusan kilomita 4,000, wasa biyar cikin kwana shida, daga 9 zuwa 14 ga Nuwamba. Sun doke ƙungiyoyin waɗannan makarantu: Texas 12 da nema, Texas A&M 10 da nema, Tulane 23 da nema, suka huta ranar Lahadi, sannan LSU 34 da nema, Ole Miss 12 da nema.

Ba jarumta ce ta fitar da su daga gida ba, talauci ne. Sun samu saɓani da jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo masu kuɗi ya rushe, sai manajansu Luke Lea, wanda shi ma ɗalibi ne, ya haɗa wannan doguwar tafiya don cike giɓin. Amma a lura da abin da ya tanada: tarago mai gadaje, gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar gida don kada baƙon ruwa ya ɓata wa yara ciki, da mai yi masu tausa a hanya. Mu kuwa jadawalin kawai muke kwaikwayo, tanadin mu bar shi.

Dokar wancan zamani ma ba abin sha'awa ba ce. Mutum ɗaya shi ne mai kai hari, shi ne mai tsaro, hular kwano ba dole ba, wanda aka fitar kuma ba ya komawa, don haka mai rauni ya gwammace ya cije. A 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu a wannan wasa a Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton. A 1906 aka sauya dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba don a watsa cunkoson. Ita Sewanee daga baya ta shiga rukunin manyan jami'o'in kudu, ta yi wasa 37 a cikinsa ba ta ci ko ɗaya ba, ta fice a 1940.

To, ga abin da ya fi dacewa da mu. A ce ƙungiya shida ce, gida da waje, wasa 30 ke nan, zagaye 10. In ana buga zagaye ɗaya a mako, daga tsakiyar Nuwamba, bayan an kai amfanin gona gida, zuwa ƙarshen Janairu an gama, ba a shiga zafin Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. In dole ta sa a matse, kada a rage tazarar kwana uku tsakanin wasa da wasa. Tsokar bayan cinya ba ta warwarewa cikin dare ɗaya, shi ya sa a irin gasar nan ta kullum za a ga daga rana ta uku tsagewar tsoka da targaɗe suna yawaita, gudu ya mutu, ƙeta ta ƙaru, sai faɗa. A duba ranar kasuwa kuma: wanda ya sa wasa ran Alhamis a yankin Maigatari, ko Lahadi a yankin Gujungu, ba zai samu mota da araha ba, rabin 'yan kallo ma suna kasuwa.

Lokacin take wasa yana da lissafi. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6. In aka fara 4:15 bayan La'asar, minti 45 sau biyu da hutun 15 zai kai 6 daidai, ba a lissafa ɓata lokaci ba, balle bugun fenariti. A yi minti 40 sau biyu da hutun 10, a tashi 5:45, baƙi su yi Magariba su kama hanya.

Fili shi ne inda aka fi sakaci. Mita 100 a 64 ya wadatar. Don kusurwa ta miƙe, a auna mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 5 cif. In bai zama 5 ba, layin ya karkace. Faɗin raga mita 7.32, tsayi 2.44, ɗigon fenariti mita 11 daga layi. A binne turakun sosai a daddale, domin turken da aka jingina kawai yana faɗo wa gola in ya rataya a kai. A ja layi da toka ko farar ƙasa, ban da ɗanyen laim, yana ƙona fata in ya haɗu da gumi. In gona ce aka mayar fili, a tuge kututturen kara a baje kunya, a share tsidau da ƙarangiya. Tsidau ɗaya ya isa ya sace iskar sabuwar ƙwallo kafin a tafi hutun rabin lokaci, don haka a zo da ƙwallo uku lamba 5 da famfo da allurarsa. Kada a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse. A busasshiyar ƙasar hunturu tsalle za ta riƙa yi, ɗinkin kuma ya buɗe.

Bas mai cin mutum 18 tana ɗaukar 'yan wasa 16 da koci da malami ɗaya. Kada a ƙara ko mutum guda, kada kuma a loda yara a bayan a-kori-kura. A tafi da jarka biyu masu lita 25 na ruwan da suka saba sha, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Abinci mai nauyi a ci shi awa uku kafin wasa. Yaron da ya bugu a ka har ya ga jiri ko ya rikice, a fitar da shi, ba zai koma ba a ranar ko da ya rantse ya warke.

Maganar kuɗi kuwa, a rubuta ta tun kafin a busa usur na farko: wa zai biya alƙalin wasa, wa zai zuba mai, kaso nawa baƙi za su samu daga kuɗin ƙofa, da hukuncin ƙungiyar da ta ƙi zuwa. Shugabannin makarantun shida su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, tare da jerin sunaye da hotunan ɗaliban da aka yi wa rajista, don a toshe ƙofar 'yan haya.

Wassalam.

Daga wani malamin wasanni,
Ƙaramar Hukumar Gumel, Jihar Jigawa.