Ga Abokan Cinikinmu: Sabon Tsarin Rahoton Ma'ajiyar Saba

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja. Da fatan kuna lafiya, ayyuka kuma suna tafiya yadda ake so.

Daga wata mai zuwa, rahoton da muke aiko muku kan cikar faifan ajiya na sabobinku (kwamfutocin da ke riƙe bayananku da ayyukanku) zai zo da sabon tsari. Tunda da yawanku kuna zuba shi a Excel ko Google Sheets domin lissafi, ya kamata ku san dalili tun kafin ya iso.

Rahoton da kuka saba gani yana kwaikwayon abin da umarnin df -h, mai nuna cikar faifai, ke nunawa a manhajar Linux: wannan faifai 900M, wancan 1.2G, na uku 2.0T (M megabait ne, G gigabait, T terabait). Ido yana jin daɗin wannan, kallo ɗaya ka gane. Amma jadawalin lissafi ba ya ganin lamba a 900M, rubutu yake gani, saboda harafin da ke maƙale da ita. Idan kuka ce ya tara jimla, sai ya tsallake gurabun ya ba ku sifili. Idan kuka ce ya jera daga ƙarami zuwa babba, sai ya sa 1.2G gaba da 900M don kawai 1 ya riga 9, alhali 1.2G ɗin ya fi girma. Wanda ya dogara da irin wannan jeri wajen sayen ƙarin wuri zai iya ƙara wa sabar da ba ta buƙata, ya bar wadda ke dab da cika.

A sabon tsarin, kowane gurbi lamba ce zalla. Sunan ma'auni yana can sama a kan layi, sau ɗaya, kuma ma'aunin ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. A ma'aunin giga, 900M zai fito 0.88, shi kuma 1.2G ya fito 1.20. Mun san 0.88 bai kai 900M daɗin karatu ba. Mun zaɓe shi duk da haka, domin shi ne ake iya tarawa, a jera, a zana jadawalin hawa da sauka da shi.

Sai batun ma'aunin kansa, wanda ya fi kowanne jawo tambaya. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait (GB) ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000. Shi kuwa df -h da Windows da 1,024 suke ninkawa, don haka nasu bait 1,073,741,824 ne. A shekarar 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, ta ba na biyun sunansa na daban, wato GiB, tare da KiB da MiB da TiB, don a daina haɗa su. Tazarar ba ƙarama ba ce: kusan kashi 7 cikin ɗari a matakin giga, kusan kashi 10 a matakin tera. Shi ya sa faifan da aka saya da sunan terabait 1 yake nuna kimanin GiB 931. Babu abin da ya ɓace, mudun awon ne ya bambanta. Mu da GiB za mu riƙa aunawa, saboda shi ne zai yi daidai da abin da za ku gani idan kun shiga sabar da kanku, kuma GiB za mu rubuta a kai ƙarara, ba GB ba.

Kusa da layin GiB ɗin mun bar layi guda na ainihin adadin bait, ba a rage ba a ƙara ba. Mai son GB sai ya raba shi da 1,000,000,000.

Akwai abu ɗaya da sabon tsarin zai fito da shi fili, kada ya tayar muku da hankali. Idan kun haɗa wurin da aka cika da wanda ya rage, sau da yawa ba za su kai jimlar faifan ba. Tsarin ext4, wanda Linux ke shirya fayiloli a faifai da shi, yana keɓe kashi 5 cikin ɗari domin mai kula da saba, sai dai in an canza hakan, don na'urar ta ci gaba da aiki ko da faifan ya cika. Mun ba wannan kason layinsa, domin lissafi ya rufe.

Fayil ɗin zai zo a matsayin CSV, wato nau'in fayil da Excel ko Google Sheets ke buɗewa a jadawali, da ɗigo a tsakanin cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Idan kwamfutarku waƙafi take amfani da shi a wannan wuri, ku faɗa mana mu daidaita muku naku.

Masu tsofaffin dabarun lissafi da aka gina kan tsohon tsari, muna roƙon ku turo mana samfurin jadawalinku kafin ƙarshen wannan wata, mu taya ku gyara shi. A watan farko za mu haɗo rahoton iri biyu, tsoho da sabo, ku gwada su gefe da gefe.

Mun gode da amanar da kuka ba mu.

Naku,
Sashen Kula da Sabobi