Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Kan Ɗaga Ƙarfe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mutanen gida duka suna gaishe ka, Innarka kuma ta ce saƙonka ya iso.

Dalilin wannan takarda shi ne hoton da ƙanwarka ta nuna mini a wayarta, inda na gan ka ba riga, ka ciccibi sandar ƙarfe mai faifai a kowane gefe, jijiyoyin wuyanka sun tashi ruɗu-ruɗu. Abin da nake jiye maka tsoro shi ne gwaiwa. Ba zan hana ka motsa jiki ba, kuma likitoci ba su ce ƙarfe kaɗai ke kawo gwaiwa ba. Bayaninsu shi ne akwai wuri mai rauni a ƙasan mara, ta wajen matsematsi, wanda ya fi ba maza matsala, har ana ƙiyasta cewa kusan namiji 1 cikin 4 zai gamu da ita a rayuwarsa. Idan mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura da kaya mai nauyi, ciki yakan turo hanji zuwa wurin, tun yana leƙowa har ya zurmo. Abin kuma yana bin jini, ka kuwa san gidan da ka fito.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zurfin cikinka. Baffanka ya yi shekaru yana dakon buhunan hatsi, kullutun yana fitowa idan ya miƙe ko ya yi tari, yana komawa idan ya kwanta, shi kuwa ya ɗaure mararsa da ƙyalle ya yi gum saboda kunya. Ranar da abin ya ƙi komawa, hanjin ya shaƙe, sai amai da kumburin ciki da ciwon da ya sa dattijo birgima a tsakar gida, kafin a sami mota a kai shi asibiti hanjin ya riga ya lalace. Allah ya jiƙansa.

Na san za ka ce tsoho ya cika tsoro, ka nuna mini ɗamarar fatar da kuke ɗaurawa a ƙugu, alhali ɗamara ba ta toshe rami. Kai da ka ɓoye mana karayar hannu har ta fara haɗewa a karkace, da wane dalili zan yarda za ka faɗa mini abin da ke ƙarƙashin wandonka? Ban tura ka birni don ka yi gasar ƙwanji da ’ya’yan mutane ba.

Duk da haka ka rage nauyin, ka riƙa sakin numfashi lokacin ɗagawa. Idan ka taɓa jin kullutu ko nauyi a matsematsinka, ka je likita ya duba, domin jiƙo da sassaƙe ba sa maganinta sai tiyata, ita kuwa kafin ta shaƙe aiki ne mai sauƙi. Kada kuɗi ya dame ka, ragunan nan suna nan. Idan kunyata kake ji, ka gaya wa Kawunka, shi zai sanar da ni. Ina jiran amsarka kafin Juma’a.

Mahaifinka.