Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Tsohon Cocin Wusasa Da Makarantarsa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Zariya.
Ta hannun masu riƙe da sarautar Wusasa.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma da biyayya, mu ne talakawanka na Wusasa, Kirista da Musulmi. A cikinmu akwai dattawan majami'a, da tsofaffin ɗaliban makarantar mishan, da malaman makaranta, da magina. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne tsohon Cocin St. Bartholomew, wanda aka gina da tubali da azara a 1929, da tsofaffin gine-ginen ƙasa da ke kewaye da shi, da takardun makarantar da ta tashi tare da shi. A 2029 cocin zai cika shekara 100. Ginin ƙasa ba ya kai wannan shekaru sai da hannun magini a kansa kowace shekara, kuma masu wannan sana'a a ƙasar Zazzau mutanen fada ne, ƙarƙashin Sarkin Magina. Shi ya sa muka ga babu ƙofar da ta dace mu ƙwanƙwasa sai taka.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin tarihin, amma za mu taƙaita shi saboda waɗanda za a karanta wa takardar nan. A 1900 ayarin 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angalika daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarkin Kano bai ba su wurin zama ba, suka juyo suka sauka a Girku. Likita Walter Miller, wanda kakanninmu ke kira Likita Mila, yana cikin ayarin. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya shigo birnin Zariya ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara. Daga baya wasu daga cikin Isawa, wata jama'ar Musulmi da ke fifita Annabi Isa, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauyen Gimi, amma ƙudan tsando ya yi yawa a wurin, ciwon barci ya kashe mutane masu yawa cikin 'yan shekaru, har aka bar ƙauyen. Zaman mishan a cikin ganuwa kuwa bai taɓa kwanta wa kowa ba, fada da Turawan mulki duka. Sai a 1929, zamanin Sarki Ibrahim, aka fitar da aikin bayan gari, kusa da dutsen Kufena, kuma ɗan mishan Guy Bullen ne ya ja ragamar ƙaurar. Wusasa a lokacin ɗan ƙauye ne. Coci da makaranta da asibitin St. Luke su ne suka tara masa jama'a.

Abin da ɗan ƙauyen nan ya ba Arewa ba ƙarami ba ne. Daga wannan al'umma Dokta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewacin Nijeriya, shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. A makarantar St. Bartholomew Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya riƙe ministan harkokin waje. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, a wannan makaranta ya fara karatu kafin ya wuce Kwalejin Barewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Likita Mila yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassararsa. Ba don alfahari muka kawo waɗannan sunaye ba. So muke a gane cewa tarihin nan na Zazzau ne gaba ɗaya, ba na masu shiga cocin ranar Lahadi kaɗai ba.

Shi kansa ginin, aikin Hausa ne tun daga gindi. Irin sanin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19, shi ne aka yi aiki da shi a nan. Masu sanin suna ƙarewa, yaransu sun koma bulo da siminti, kuma babban abin da muke tsoro shi ne gyaran jahilci, domin ya fi ruwan sama saurin kada ginin ƙasa.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Idan mai kyakkyawar niyya ya ga bango ya zaizaye, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya shafe shi da siminti ya huta. Siminti ba ya kama ƙasa. Rana ta buge shi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa ba ta motsi tare da shi, sai ya yi tsaga siririya wadda ido ba ya kamawa. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, domin simintin ya hana bango shan iska. Daga waje gini yana nan sumul, daga ciki tubali ya koma taɓo. Magini yana gane haka da ƙwanƙwasawa: inda yaɓe ya rabu da bango yana amsawa kamar ganga. Bayan 'yan damuna simintin ya ɓanɓaro falle guda, ya taho da naman bangon. Fentin mai ma haka yake yi, ko da yake a hankali. Muna roƙo da babbar murya kada a bari ko buhu ɗaya na siminti ya hau jikin tubalin nan.

Wuri na biyu da gini ke ciwo shi ne gindin bango. Ruwan da ke zubowa daga sama yana dukan ƙasa ya fantsamo, ya riƙa cin gindin har ya yi masa kwarmi, nauyin sama kuma yana nan yadda yake. Bangon gabas ya fi shan wahala, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska. Maganinsa ba a cusa laka gaba ɗaya a rana ɗaya ba ne, wannan tsagewa za ta yi ta faɗo. Ana kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a isa mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a jera sabon tubali sahu ɗaya ko biyu, gindi ƙasa tsini sama, a bari ya sha iska, sannan a ɗora na gaba. Bayan haka a tayar da ƙasar da ke kewaye ta gangara waje, a haƙa magudanar ruwa nesa da bango da kamar mita biyu, kada a dasa fulawa ko a kafa famfo a jikinsa.

Sai azara. Bakan gizo a ginin Hausa, wato lanƙwasasshen bakan da ke ɗauke da rufi, ba laka ce ke riƙe da shi ba. Azara ce ake kafawa hawa-hawa daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da laka. Ƙarfin yana ɓoye a ciki. Azara ɗaya ba ta tsallake fiye da kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa faɗin ɗaki yake buƙatar wannan dabara. Gara ba ta cika cin azarar namijin giginya da ta ƙosa ba, amma kan da ke nutse cikin bango yana ruɓewa idan danshi ya daɗe a wurin. Alamarsa tsaga ce da ke bin bakan gizo, ko gari-gari da ke zubowa ƙasa, ko rufi ya ɗan lotsa. In an ga haka, tokara ake fara yi da gungume kafin a taɓa komai, a zare azara ɗaya a mayar da sabuwa, ba a zare biyu a jere. Katakon kasuwa ba ya maye gurbinta, gara za ta cinye shi a cikin laka ba wanda ya gani. Duk inda rufin soro yake, indararo ne ransa. Ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwa ya kwana a sama, ruwan Agusta guda ɗaya ya isa ya jiƙa azara. Inda kuma kwano ke rufe da ginin ƙasa, ƙusa ɗaya da ta saki tana ɗiga a wuri ɗaya damuna bayan damuna, kuma ba mai hawa ya duba.

Kayan aikin ma sai an neme su tun da wuri. Ƙasar gini jan birji ce mai ɗan tsakuwa. In yumɓu ya yi yawa ta tsage, in yashi ya yi yawa ta marmashe, don haka magini yakan buga tubali kaɗan na gwaji ya shanya kafin a kwaso ƙasa da yawa. Ana jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba datsattsiyar ciyawa, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake tattakewa, kwanaki a jere, har ta yi danƙo. Tubali yana son kamar mako biyu a rana. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta, a kwaɓa yaɓen waje da ita don ya tsare ruwa, kuma tana son sabuntawa akai-akai. Laso, wani yaɓen mai tsare ruwa, ya fi ta daɗewa, amma haɗa shi sai da katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Marinar da ke aiki ta ragu ƙwarai, sai an yi sallama da marina tun kaka. Lokacin aikin kuwa daga ɗaukewar ruwa ne zuwa kafin hadarin farko. A tsakiyar hunturu iska tana busar da yaɓe da sauri har ya tsattsage, sai a riƙa yi masa inuwa da zana.

Saboda haka, Allah ya ba ka nasara, ga abin da muke roƙo. Ka umarci Sarkin Magina ya turo manyan magina uku su zagaya ginin tare da shugabannin majami'a da masana gine-gine daga Jami'ar Ahmadu Bello, su duba bango da bango, su rubuta abin da suka gani da abin da za a fara. A mayar da wannan zagaye al'ada sau biyu a shekara, ɗaya kafin damuna, ɗaya bayanta. A ba su samari goma daga Wusasa da birni, ba tare da duba addini ba, su zauna a hannunsu har ƙarshen aikin. Mu za mu ɗauki abincinsu da kuɗin motarsu. A nuna mana fili inda birjin kirki yake, a keɓe shi don gyaran tsofaffin gine-gine. Muna kuma roƙon wurin da za mu binne ƙwallon giginya 200. Giginya tana shekaru da dama kafin ta ba da azara, wanda ya shuka ba shi zai sara ba. Abin da ke kashe ta tun tana ƙarama sananne ne: masu tonon muruci, da awaki, da wutar daji. Kalma ɗaya daga fada zuwa ga masu unguwa ta fi shingen waya tsare ta.

Game da makaranta, damuwarmu takardu ne da mutane. Rajistar shiga makaranta, da littafin da shugaban makaranta ke rubuta abin da ya faru kullum, da littattafan baftisma da na aure, da tsofaffin hotuna da ke cikin akwatunan iyalai, su ne shaidar wanda ya zo Wusasa, daga ina, kuma yaushe. Gara da danshi da ɓera ba sa jira. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki hoton kowane shafi a jere, a ba kowane littafi lamba, a ajiye na asali cikin akwatin ƙarfe a kan katako, sama da ƙasa, nesa da bango. Kada a manna salatif a kan tsohuwar takarda, gam ɗinsa yana cin tawada, kuma kada a rufe ta da roba mai zafi, domin ba a iya warware ta. Kwafi ɗaya ya zauna a majami'a, ɗaya a fada, ɗaya a Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna. Takardun CMS na wancan zamani suna ajiye a Jami'ar Birmingham ta Ingila. Wasiƙa daga fadar Zazzau za ta sauƙaƙa mana neman kwafin abin da ya shafi Zariya da Gimi da Wusasa. Tsofaffin da iyayensu suka ga ƙaurar 1929 da idonsu kaɗan suka rage. Muna so ɗalibai su zauna da su da rikoda, da yardarsu, a cikin ranin nan, kuma muna roƙon a buɗe mana ƙofar dattawan birni, domin su ma suna da nasu labarin zaman mishan a cikin ganuwa, kuma tarihin da aka ji daga gefe ɗaya bai cika ba.

Gari yana faɗaɗa ta kowane ɓangare. Muna roƙon fada ta sa baki a auna iyakar cocin da makarantar da maƙabarta, a gaban maƙwabta da masu unguwa, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da taswirar a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, tun kafin a sami abin da za a yi jayayya a kai.

Ba kuɗi muka zo nema a fada ba. Ƙwadago da ɗiban ruwa da tara ciyawa namu ne, kuma za mu nemi gudummawar tsofaffin ɗalibai. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo su yi gaisuwa su yi bayani baki da baki, kuma in Mai Martaba ya yarda, a yi zagayen farko na magina da zarar ruwa ya ɗauke, domin a samu a buga tubali kafin sanyi ya kankama.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, malamai, magina da tsofaffin ɗalibai, a madadin jama'ar Wusasa.